A bar uban kurtu ya yi murnarsa

Wata magana da na ji a teburin mai shayi, a garinmu da ke ƙasar Ringim, ita ta hana ni sakat har na zauna yin wannan rubutu. Wani dattijo maƙwabcinmu, manomin gero da riɗi, ya dawo daga Zariya inda aka yaye ɗansa daga makarantar horar da kuratan soja, wadda aka fi sani da Daffo. Ƙanen yaron ya ɗauko bidiyo a waya. Ga yaro cikin kaki, kai ƙwal, ya rame ya yi baƙi, ya zo gaban mahaifinsa ya ƙame ya sara masa. Sai kuma tarbiyyar gida ta motsa, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba, sannu da hanya." Tsoho ya dafa kansa, hawaye na bin gemu, ba abin da yake iya faɗa sai "Allah Ya yi maka albarka."

Wayar tana zagayawa hannu-hannu sai wani matashi, mai digiri ne kuwa, ya taɓe baki ya ce, "Baffa dai ya yi kukan makoki tun kafin a kawo labari. An kai wa Boko Haram nama, shi kuma yana murna." Wasu suka yi dariya. Wani ya ƙara da cewa talaka bai san ciwon kansa ba, a nuna masa kaki da takalmi sai ya miƙa ɗa.

Ni ra'ayina a fili yake. Dattijon nan yana da cikakken haƙƙin yin alfahari, kuma ba duhun kai ne ya sa shi murna ba. Ya san Sambisa, ya san abin da ke faruwa a Zamfara, yana kunna rediyo da asuba kamar kowa. Masu yi masa dariya suna da hujjoji, wasunsu ma masu nauyi ne. Amma duk wadda ka ɗauka ka bi ta a hankali, sai ka tarar akwai wanda ya kamata a tuhuma da ita, kuma ba tsohon ba ne.

Me yaron ya yi har ake murna?

Mutanen birni suna ɗauka shiga soja abin da ake yi ne idan an rasa komai. A ƙauye ba haka ba ne. Kafin a ko dubi yaro sai ya zo da takardar gama sakandare, da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, da lambar NIN, shekarunsa tsakanin 18 zuwa 22 in ba mai wata sana'ar hannu ba ne, tsawonsa kuma ya kai yadda ake so. A cike takarda ta intanet, a jira sunaye, a je tantancewa, a yi gudu, likita ya duba ido da ƙirji da jini. Da yawa daga nan suke juyowa gida.

Takardar sakandaren nan kaɗai, a ƙauyen Jigawa, tarihin wani uba ce. Ita ce damunar da aka bar yaro ya tafi aji alhali gona na neman hannu. Ita ce akuyar da aka kai kasuwa saboda kuɗin mota da na littafi. Ita ce faɗan da aka yi da 'yan'uwa masu cewa a tura shi Legas ya fara turo kuɗi kamar sa'o'insa. Uban da ya tsaya a filin fareti ba ɗansa kaɗai yake kallo ba, har da guminsa na shekara goma sha wani abu.

Sai kuma horon kansa. Daffo tana Zariya tun 1924, kuma wajen wata shida ake yi ana gasa wa yaro gyaɗa a hannu: tashi tun kafin kiran sallar farko, gudu, fareti a rana, gwale-gwale, koyon harbi, kwana a daji. Akwai masu tsallake katanga su gudu. Akwai waɗanda jikinsu ke gazawa a sallame su. Wanda ya kai ranar yayewa ya yi abin da yawancin masu zama a benci suna sharhi ba za su jure mako guda ba, ni ma kuma ina cikinsu.

Muna yin walima idan yaro ya sauke Alƙur'ani. Muna ɗinka anko idan yarinya ta gama makarantar koyon aikin jinya. Wanda ya gama NCE ana yi masa barka, ba wanda ke tashi a tsakiyar taro ya ce ai ba aiki. To me ya sa sai a kan kurtu za a ce iyaye su sunkuyar da kai?

"Ai mutuwa aka tura shi"

Wannan ce hujjar farko, kuma ba zan yi mata kwana-kwana ba. Tun 2009 ƙasar nan ke binne sojoji. A Nuwamban 2018 an afka wa sansanin Metele a arewacin Borno, aka kashe sojoji masu yawa a dare guda. A Maris ɗin 2024 an kashe hafsoshi da sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta, wurin da ko filin yaƙi ba a ɗauke shi ba. Yaron da aka yaye bana yana iya samun kansa a Malam Fatori ko dajin Birnin Gwari kafin ya iya ɗaure takalminsa da kyau. Duk wanda ya ce wa iyaye ba haɗari, ƙarya yake yi.

Amma masu wannan magana suna yin ta ne kamar akwai wata inuwa mai sanyi da aka tanadar wa ɗan talaka, uban ya fizge shi daga ciki ya jefa shi wuta. Ina inuwar take?

Sa'o'in yaron nan, da an cire amfanin gona, sai tasha. Wasu Legas, wasu Fatakwal, acaba da garuwa da yankan farce da gadi, kwana a ƙarƙashin gada ko a barandar shago. Wasu ramin haƙar zinare a Neja ko Zamfara. Wasu hanyar Agadas, a bayan mota a cikin hamada. A Maris ɗin 2025 mafarauta 16, yawancinsu 'yan ƙasar Kano, suna hanyar dawowa gida yin sallah aka tare su a Uromi ta jihar Edo aka hallaka su. Ba kaki a jikinsu. Mu nan kuwa ba ma bukatar a ba mu labarin Majiya: a Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi, jama'a suka fito kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka tafi, akasari matasa. A ƙofar gida, a Taura. Babu ce ta fitar da su cikin daren nan, ba kwamanda ba.

Ban ce haɗarin acaba da na bakin daga ɗaya ba ne. Abin da nake cewa shi ne, uban ƙauye yana zaɓe ne tsakanin haɗari da haɗari. Ɗaya yana zuwa da albashi a ƙarshen wata, da asibiti, da lamba, da fatan fansho, da sunan da za a kira a gaban jama'a. Ɗayan kuwa in ƙaddara ta faɗa, sai dai a yi karo-karo a tasha a kawo gawa, in ma an same ta.

Sannan akwai tambayar da ba a son ji. A ranar 20 ga Janairun 2012 da bama-bamai suka tashi a Kano, da ranar Juma'ar nan ta Nuwamban 2014 da aka buɗe wuta a babban masallacin da ke jikin gidan Sarki, me kowa yake cewa? "Ina jami'an tsaro?" Yanzu da 'yan bindiga suka fara leƙowa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa daga iyakar Katsina, me mutanen can suke roƙo? A turo soja. To soja ba daga sama yake faɗowa ba. Wata ce ta yi naƙudarsa, wani ne ya yanka masa ragon suna. Ba daidai ba ne mutum ya so a tsare masa gari da ɗan wani, sannan ya mayar da uban yaron abin dariya.

Malamanmu kan karanto hadisin idanu biyu da wuta ba za ta taɓa ba: wanda ya yi kuka don tsoron Allah, da wanda ya kwana yana gadi saboda Allah. Fassara da hukunci na malamai ne, na bar musu. Amma dattijon da ya ji wannan a wurin tafsiri, ya ga ɗansa zai kwana a farke don wasu su yi barci, ba za ka ce masa ba shi da abin taƙama ba.

"'Ya'yan manya ba sa zuwa"

Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Manyan ƙofofin biyu ne. Akwai NDA, makarantar horar da hafsoshin soja a Kaduna, wadda aka buɗe a 1964, inda yaro ke yin shekara biyar ya fito da digiri da anini ɗaya a kafaɗa, kowane saje da samanja ya sara masa. Akwai kuma Daffo, inda yaro ke fitowa farabiti, ya yi shekaru kafin ya ga igiya ɗaya a hannun riga. Ba sai an faɗa maka 'ya'yan su wa suka fi yawa a kowace ƙofa ba. Ƙorafin alfarma da takardar wane da wane kuwa kowa na jin sa duk shekara.

Sai dai a ganina babbar katangar ba alfarma ba ce, makaranta ce. NDA tana son sakamako mai kyau a Turanci da lissafi, tana son makin JAMB, sannan ga tata tantancewar. Yaron da ya yi sakandare a makarantar da malamin lissafi ɗaya ke riƙe da aji shida, ko babu shi sam, tun yana aji uku aka rufe masa wannan ƙofa bai sani ba. In da mai digirinmu na teburin shayi ya ce zai riƙa tara 'yan aji shida da yamma yana koya musu lissafi don wani ya gwada NDA baɗi, da na cire masa hula.

Kuma ba gaskiya ba ne a ce babu ɗan babban gida da ya taɓa faɗuwa. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda aka kashe a Malam Fatori a Nuwamban 2016 bayan ya yi suna wajen ƙwato garuruwan Borno, ɗan tsohon gwamnan soja na Bauchi ne, mahaifinsa kuma basarake. Birgediya Janar Dzarma Zirkusu a Askira Uba ya rasu a 2021, yana kan hanyar kai ɗauki. Harsashi bai duba kafaɗarsu ba.

Mu ɗauka ma duk abin da ake faɗa haka yake. Sai me? Mu hana 'ya'yanmu shiga? Shugabannin Arewa na jamhuriya ta farko sun yi akasin haka. Zamanin da Muhammadu Ribadu ke ministan tsaro, Ibrahim Tako Galadiman Bida ya riƙa bin makarantun sakandare yana kwaɗaitar da yara su shiga soja, don sun fahimci cewa duk jama'ar da ba ta da 'ya'ya a cikin rundunar ƙasa, wasu ne za su riƙa yanke hukunci a kan tsaronta. Yau ma kowace jiha tana da kasonta a ɗaukar kurata. Sojan da zai tsaya a shinge a hanyar Gumel ko Haɗejiya, gara ya zama akwai wanda ya san yadda ake gaida tsoho, ya san bambancin makiyayi da ɓarawon shanu, ya san matar da ke ɗauke da ƙwarya nono za ta kai kasuwa.

Inda na yarda da su

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ƙasar ba ta cika nata alkawarin. A nan ba ni da ja.

A Disamban 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda sun ƙi fita yaƙi, su kuma suka ce ba a ba su kayan faɗan da za su tunkari abokan gaba ba. Shekara guda bayan nan aka mayar da hukuncin ɗaurin shekara 10, a daidai lokacin da ƙasa ta ɗauka da zancen dala biliyan 2.1 na sayen makamai da ake zargin an karkatar. Tun daga nan duk uban da ke da ɗa a bakin daga ya san cewa abokin gaba ba a daji kaɗai yake ba.

Mun ga tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarma a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Mun ji matan mamata suna yawo da fayil daga ofis zuwa ofis, ga marayu, ga wa'adin barin ɗakin bariki. Albashin ƙaramin soja kuwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san inda buhun shinkafa ya kai, kowa kuma ya san abin da ke saura bayan an saye shi. Abin ma ba yau ya fara ba. Kakanninmu da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Boma, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da yawansu sun dawo sun ƙare a gadi da dogaranci, lambar yabo a cikin adaka. Kowace ranar 15 ga Janairu manya na sa fararen kaya su ajiye furanni su saki tantabaru don tunawa da mazan jiya. Washegari fayil ɗin matar mamaci yana nan inda yake.

Duk wannan gaskiya ne. To amma kunyar wa ce? Uban ya ba da abin da ya fi komai tsada a wurinsa. Yaron ya ba da jikinsa. Wanda ya ci kuɗin harsashi, da wanda ya danne fayil, da ɗan majalisar da bai taɓa tambayar yara nawa daga mazaɓarsa ke Borno ba, su ne masu bashi a wuya. A juya a yi wa tsoho dariya a bar waɗannan, ai an bar jaki ana dukan taiki ke nan.

In da gaske tausayin yaron ake ji, hanyar a buɗe take. Ɗan majalisar tarayya yana zuwa gida ɗaurin aure da ta'aziyya. A tare shi da maganar alawus ɗin sojoji da haƙƙin magada, ba da maganar babur da taki kaɗai ba.

Alfaharin da ba zan kare ba

Akwai kuma wani abu da masu dariyar ba su ambata ba, shi ne ma ya fi damuna.

Ba banza ba Bahaushe ya ce soja marmari daga nesa. Rundunar da ta fasa ganuwar Kano a 1903, ta kuma shiga Haɗejiya a 1906 har Sarki Muhammadu ya yi shahada, shugabanninta ne kaɗai Turawa. Masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne, da yawansu da Hausa ake ba su umarni. Tsoron kaki tsohon abu ne a ƙasar nan, kuma ana sabunta shi. Abin da ya faru tsakanin sojoji da 'yan Shi'a a Zariya a Disamban 2015, inda hukumar binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ta tabbatar da an binne mutum fiye da 300 a rami ɗaya, bai gushe daga zukata ba. Haka Tudun Biri a Disamban 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan masu taron Mauludi, aka rasa aƙalla mutum 85. Ban da ƙananan wulaƙanci na kullum: direban da aka sa tsallen kwaɗo a gaban fasinjojinsa, ɗan acaɓan da aka mara saboda bai kashe fitila da wuri ba.

Kurtun da aka yaye jiya ba shi ya yi waɗannan ba. Amma zai shiga cikin gidan da aka yi su, kuma abin da zai zama nan da shekara biyar, gidansu na da hannu a ciki fiye da yadda muke zato.

Ga abin da nake nufi. Akwai gidan da ranar da ɗansu ya sa kaki, ranar maƙwabta suka shiga uku. "Yanzu muna da soja." Rikicin iyakar gona da aka shekara ashirin ana sasantawa a zauren dagaci, sai a ce a jira wane ya zo hutu. Bashin naira dubu goma, sai a ce za a kira bariki. Ƙane ya sa tsohuwar rigar yayansa yana tsorata 'yan mata a dandali. Yaro ya zo ganin gida, maimakon a bar shi ya huta, sai a ja shi kasuwa ya kama wuyan wani. Wannan ba alfahari da ɗa ba ne, mayar da shi kulki ne. Kuma in abin ya ɓaci shi za a kora daga aiki ko a kulle, masu zuga shi suna gida suna shan fura.

Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Da an ji albashin farko ya shiga, sai dangi su yi layi. Kawu na son kuɗin taki, gwaggo za ta aurar da 'ya, yaya na son jari, abokai na son kati. Ba wanda ke tambayar nawa ne albashin. Yaro mai shekara 20, mai kunyar ya ce babu, yana tsaye a kan titi da bindiga, motocin kaya na wucewa. Me ake tsammani? Muna zagin sojan da ke miƙa hannu a shinge, amma sau da yawa wayar da ta tura shi daga ƙauye aka buga ta. Gidan da ya ce wa ɗansa, "Abin da ka samu na halal ya ishe mu, in babu ka ce babu," ya yi wa matafiyan da bai taɓa gani ba alheri.

Saboda haka albarkar da uba zai sa a filin fareti tana da ci gaba a zaure, bayan baƙi sun watse. Ya ce masa, "Kai wane, duk tsohon da ka gani a shinge, ni ne. Duk matar da ka gani, innarka ce. Kada in ji ka ɗaga hannu a kan wanda ba shi da makami. Kuma ba ruwanka da faɗan gona." Uban da ya faɗi haka, ya yi taƙamarsa har kasuwa, ni zan taya shi.

Uwa fa? Yawanci ba ta zuwa Zariya, kuɗin mota na mutum biyu ne kawai, ko kuma kunyar ɗan fari ta hana. Ita ce za ta dafa shinkafar 'yan barka, ta rangaɗa guɗa in ba ɗan fari ba ne, ta raba ƙosai sadaka ranar Juma'a. Ita ce kuma za ta koyi cewa in waya ta yi mako uku ba ta shiga, ba lallai wani abu ne ya faru ba, wataƙila inda suke babu sabis. Mata maƙwabta masu shigowa da "kin ji abin da aka ce a rediyo?" su ji tsoron Allah.

Abubuwa biyu da iyaye ke sakaci da su

Na farko tun kafin a shiga ne. Duk lokacin ɗaukar kurata sai 'yan damfara sun fito, wannan ya san wani kanar, wancan yana da gurbi biyu a hannu. An sayar da sa, an jinginar da gona, an tura kuɗi, lamba ta daina shiga. Rundunar soja da kanta tana shelar cewa neman shiga kyauta ne. Wanda duk ya ce a kawo kuɗin gurbi, a kai maganarsa gaban dagaci tun kafin a taɓa garke.

Na biyu kuwa ba a son zancensa ranar murna, amma dole ne. Kowane soja yana cike takardar magaji, wato sunan wanda za a nema a kuma miƙa wa haƙƙinsa in ta Allah ta kasance. Yaro ɗan shekara 19 yana iya rubuta duk sunan da ya zo masa, da lambar wayar da za a yar baɗi, da rubutun suna da ya saɓa da na katin ɗan ƙasa. Daga baya ya yi aure, ya haihu, bai sabunta ba. Irin wannan ƙaramin abu ne ke sa a shekara ana zarya, ko a raba zumunci tsakanin matar mamaci da iyayensa. Uba ya tambaya sunan wa aka rubuta. A rubuta lambar aikin yaron, da sunan bataliyarsa, da lambar wani abokin aikinsa, a ajiye tare da takardun gona. Wannan ba fatan tsiya ba ne, kamar yadda rubuta bashi ba fatan mutuwa ba ne.

Masu unguwanni da dagatai su ma suna da aiki a nan. Sun san adadin gonaki da masu biyan haraji a ƙasarsu, amma ka tambayi da yawansu yara nawa ne daga garin ke cikin soja, ko 'yan sanda, ko sibil difens, sai a fara ƙirga da yatsu ana gardama. Littafi ɗaya na naira ɗari biyar ya isa: suna, gida, inda yake aiki, wanda za a tuntuɓa. Hakimi ya tara na dagatansa, a kai wa shugaban ƙaramar hukuma kwafi. Ranar da wata mata za ta tafi Abuja neman haƙƙin mijinta, ta tafi da takardar hakimi da ɗan rakiya wanda ya iya Turanci, kuɗin motar kuma ya fito daga asusun ƙaramar hukuma.